Baba Ya Kasa Kiran Sunana Amma Yana Bin Fatiha: In Tura Amaryarsa Gida?

Wasiƙar wannan makon daga Jega ta zo, a jihar Kebbi. Na taƙaita ta, na cire sunaye.

"Assalamu alaikum Likita. Ni ne babba a gidanmu. Mahaifinmu ɗan kasuwar albasa ne, ya haura shekara 60. Mako uku da suka wuce yana alwalar asuba buta ta suɓuce daga hannunsa, bakinsa ya karkace, ya zube. Sai washegari da yamma muka kai shi asibiti, aka ce hawan jini ne ya jawo masa shanyewar ɓarin jiki. Yanzu muna gida. Hannun dama da ƙafar dama ba sa aiki. Magana ta ɗauke, komai aka tambaye shi sai ya ce 'to, to'. Amma in aka tada salla kusa da shi yana bin Fatiha har ƙarshe. In amaryarsa ta shigo sai ya fashe da kuka, ran nan ma ya ɗura mata ashar, mutumin da ban taɓa jin ya zagi ko akuya ba. Ƙafar da ta mutu kuma takan zabura ita kaɗai. Daren da abin zai faru girkin amarya ne. Innarmu da gwaggona sun ce sammu ne, ni ne namiji, in sa ta tattara ta tafi gidansu. Mun dakatar da ƙwayoyin asibiti tunda jinin ya sauka, ana masa rubutu, wasu kuma sun ce mu kai shi Aliero wajen masu ɗori. Kaina ya kulle."

Wa alaikumus salam ɗana. Allah Ya ba Alhaji lafiya, Ya sa kaffara ne.

Maganar amarya za ta iya jira zuwa jibi, ƙwayoyin nan ne ba za su jira ba. Jinin ya sauka ne saboda maganin na danne shi, kamar mai tokare ƙofa da kafaɗa ranar guguwa. Kun janye kafaɗar. Wanda abin nan ya taɓa sau ɗaya yana cikin haɗarin na biyu, musamman a makonni da watannin farko, kuma na biyun ba kasafai yake zuwa da sauƙin na farko ba. Ɗauki ledar maganin da takardar sallama, yau ko gobe, a auna jininsa, likita ya faɗa muku yadda za a ci gaba. Addu'a da tofi ba su taɓa faɗa da ƙwayar hawan jini ba, a haɗa su. Rubutun sha kuwa akwai abin da zan ce a kansa, yana tafe.

Yanzu bari in gaya maka abin da na gani a wasiƙarka. Alamu huɗu ka lissafo a matsayin hujjar sammu. Da ka kawo su gaban ɗalibin likitanci ba tare da ka faɗi komai ba, da sai ya ɗora yatsa a gefen hagu na kansa, sama da kunne zuwa gaba kaɗan, ya ce nan ne abin ya faru.

Hausa ta ɗan rikita mu da kalmar jijiya. Wadda jini ke bi jijiya ce, wadda ke sarƙe haƙori a nama jijiya ce, wadda ke kai saƙo ma jijiya ce. Ta ukun nan ita ce maganarmu. Ƙwaƙwalwa nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, kusan kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, amma tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na iskar da jini ke rabawa. A cikinta akwai ƙwayoyin saƙo wajen biliyan 86. Daga gindinta laka ta sauko ta cikin ƙashin baya, jijiyoyi 31 suna fita ta dama, 31 ta hagu, suna rarrabuwa har kan ɗan yatsan ƙafa. Wasu 12 ta kowane gefe kai tsaye suke fita daga kai, su ne na gani da ji da shaƙar ƙamshi da motsa fuska da harshe da haɗiya. Saƙo yana bin su da wata 'yar wuta irin ta lantarki, a manyan jijiyoyi gudunsa kan kai mita 100 a daƙiƙa guda. Wasu hanyoyin na hawa da labari, zafi ne, sanyi ne, ƙaya ce. Wasu na sauka da umarni, ɗaga, riƙe, saki.

Ku da kuka tashi cikin noman rani kun fi ni sanin fangali. Ruwa na fitowa daga inji ya bi babbar hanya, ya rabu ƙananan hanyoyi, kowane fangali da tasa. In hanya ɗaya ta toshe, fangalin da take shayarwa ne kawai zai bushe, na kusa da shi kore shar. In kuma ta ɓalle, ruwa ya kwanta ya ruɓar da abin da ke wurin. Haka jini yake shayar da ƙwaƙwalwa, sai dai albasa kan jure kwanaki, ƙwaƙwalwa kuwa cikin mintuna take fara mutuwa. Toshewa ko fashewa, su ne iri biyu na wannan ciwo. Wani babban bincike da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan ke cikin jagororinsa, aka wallafa a 2018, ya nuna hawan jini ne kan gaba wajen jawo shi nesa ba kusa ba, kuma kusan ɗaya cikin uku na masu ciwon a nan yankin fashewa ce. Shi ya sa ake son hoton ƙwaƙwalwa, shi ya sa kuma ba a ba mutum asfirin da ka. Maganin da ke taimakon toshewa yana iya ƙara ɓarnar fashewa. In ba a yi wa Alhaji hoton ba, ka tambaya.

Me ya sa dama? Hanyoyin da ke saukar da umarni, mafi yawansu suna gittawa a gindin ƙwaƙwalwa, daidai ƙeya. Na hagu su koma dama, na dama su koma hagu. Don haka hannun dama da ya saki buta, ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ne ke ba shi umarni. Hannun kansa ƙalau yake, tsokarsa da ƙashinsa da jijiyarsa babu abin da ya same su. Mai aiko saƙon ne ya yi shiru. Nan za ka gane zancen Aliero. Masu ɗorin garin sun yi suna a karaya da gocewar ƙashi, mutane daga nesa suke zuwa musu. Amma Alhaji bai karye ba, babu abin da za a ɗora. Ja da murɗa da ɗauri ma cutar da shi za su yi, domin kafaɗar da tsokarta ta saki tana iya gocewa da ɗan ja kaɗan.

A ɓarin hagun nan kuma, ga kusan duk mai amfani da hannun dama, nan ne ake ƙera magana. A 1861 wani likita a birnin Faris na Faransa, Paul Broca, ya duba wani majinyaci da ya shekara da shekaru kalma ɗaya tak ke fita bakinsa, "tan". Komai aka tambaye shi, "tan, tan", alhali yana gane abin da ake faɗa masa. Da mutumin ya rasu aka duba ƙwaƙwalwarsa, aka tarar da rauni a gaban ɓarin hagu. Har yau sunan likitan nan ake kiran wurin da shi. Wancan ya ce "tan", Alhaji yana cewa "to". Wurin yana maƙwabtaka da inda ake sarrafa fuska da hannun dama, hanyar jini ɗaya ce ke shayar da su, shi ya sa suke tafiya tare: baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta ɗauke.

Fatihar ita ce ta fi ba ku mamaki, ni kuwa ita ce ta fi faranta mini rai. Ƙera sabuwar magana daban, zubo abin da harshe ya haddace daban. Kiran sunanka yana buƙatar ƙwaƙwalwa ta laluba ta zaɓo kalmar ta jera sautinta, wannan aikin wurin da ya lalace ne. Fatiha kuwa mutumin da ya yi shekara hamsin yana maimaita ta aƙalla sau 17 a yini, ta riga ta yi wa kanta turba ta wasu sassan da ciwon bai taɓa ba. Masu irin wannan ciwon da yawa suna iya ƙirga ɗaya zuwa goma, su yi salati, su rera waƙar da suka sani tun ƙuruciya, amma su kasa cewa a ba su ruwa. Na ga wannan a kan kawuna. Wata biyu bai iya kiran sunan matarsa ba, amma in ladan ya ce "hayya alas sala" sai ka ji tsoho ya amsa "la haula" garau kamar ba shi ba. Mun yi ta kuka muna dariya a tsakar gida.

Ashar ɗin ma ta wannan ƙofar ta fito. Zagi kalma ce da ke tsalle daga zuciya ba tare da an zaɓe ta ba, kuma an daɗe da sanin yana tsira a bakin waɗanda sauran maganarsu ta tafi. Mutum yana son ya ce "gyara mini filo", kalmar ta ƙi zuwa, ya sake ƙoƙari ta ƙi, takaici ya cika shi, abin da ya rage a buɗe shi zai fito. Wanda ke kusa shi zai sha. Ka lura da kyau, in dai kai ne ke yawan zama da shi, kai ma za ka samu rabonka.

Kukan kuwa kashi biyu ne, ko ma duka biyun. Akwai linzamin da ƙwaƙwalwa ke riƙe kuka da dariya da shi, ciwon kan sassauta shi, mutum ya riƙa ɓarkewa da kuka kan abin da bai kai ya kawo ba, wani lokaci ba don baƙin ciki ba. Akwai kuma kukan gaske, don damuwa mai tsanani tana kama da yawa daga cikin masu wannan ciwo, kuma tana da magani. Ka sa kanka a matsayinsa. Dattijon da ke loda buhunan albasa a manyan motoci zuwa kudu, wanda in ya yi gyaran murya gida ke nutsuwa, yau miyau na zuba ta gefen bakinsa, sai an kai shi bayi. A gaban wa zai fi jin kunya? A gaban Inna da suka tsufa tare, ko a gaban wadda ya auro jiya-jiya yana taƙama? Kukan da gwaggo ta fassara da tsoro, ni ina ganin zai iya zama kunya, zai iya zama ƙauna.

Ƙafar da ke zabura ita ce mafi sauƙin bayani. In ka taka ƙaya, ƙafarka na ɗagawa kafin ka ji zafin, domin laka ce ke yanke wannan hukuncin ba ta jira ƙwaƙwalwa ba. A lafiyayyen mutum ƙwaƙwalwa na riƙe da ragamar lakar. Da ragamar ta saki, sai ƙafa ta riƙa harbi da ɗan taɓi, daga baya hannu ya fara ƙanƙamewa yana lanƙwashewa zuwa ƙirji. Babu mai jan ƙafar daga ɓoye. Numfashinsa da bugun zuciyarsa da narkar da abinci kuwa suna tafiya yadda suka saba, saboda masu kula da su suna can gindin ƙwaƙwalwa inda ciwon bai kai ba.

Sai girki. Ɗana, gidan mace biyu kowane dare girkin wata ne. Da abin ya faɗo daren Inna, za ka yarda a ce ita ce? Wannan ciwo ya fi zuwa da sassafe, lokacin da jini ke hawa da kansa yayin da mutum ke tashi daga barci, kuma abin da ya kawo shi shekaru ya yi yana cin hanyoyin jini a ɓoye, wataƙila tun kafin a kai kuɗin gaisuwar amarya. Ban zo in yi musun cewa akwai sihiri a duniya ba. Amma a nan ga ciwo mai suna, ga dalilinsa an auna an gani, ga alamunsa sun jeru yadda aka san su. A ɗaya gefen kuma babu komai sai zato, kuma Bahaushe ya riga ya ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Jifan mace da cewa ta nakasa mijinta ba ƙaramin abu ba ne a gari irin Jega, inda kowa ya san kowa. Tambarin zai bi ta har gidan ubanta, ya bi 'ya'yanta in akwai, waɗanda ƙannenka ne.

Kuma ba hurumin ka ba ne. Igiyar auren nan a hannun Alhaji take, yana raye, yana ji. Ina roƙonka ka kiyaye abu ɗaya: kada kowa ya tsaya kansa ya ce "Alhaji, a tura ta gida?" ya ce "to", a ce ai ga shi ya amince. In kana son ka nuna wa gwaggo, tambaye shi nan take, "Alhaji, a bar ta ta zauna?" Za ku ji "to". Wannan "to" ɗin ba amsa ba ce, ita ce kalmar da ta rage masa. Haka nan kada a karɓe ta a kan kuɗi ko gona ko bashin abokan kasuwa. In ana son jin ra'ayinsa, a yi tambaya ɗaya gajera, a ba shi lokaci, ya nuna da hannun hagu ko ya girgiza kai, a sake tambayar ta wata fuskar a ga ko amsar ta tsaya. Kuma ku daina zancensa a kansa kamar ba ya nan. Masu irin ciwonsa galibi suna gane mafi yawan abin da ake faɗa. Duk gardamar sammun nan da ake yi a bakin gadonsa, ka ɗauka yana ji, kuma ba shi da bakin da zai ce ku bari.

Inna kuma kada ka tunkare ta da "ba ki sani ba". Mijinta na shekara talatin ko fiye ya zube a gabanta, tana neman inda za ta ɗora zafin. Ka samo wanda take jin nauyinsa, kawunka ko limamin unguwa, ka fara yi masa bayanin nan shi kaɗai. Ranar komawa asibiti ka tafi da ita, ta ji daga bakin likita, ta yi tambayoyinta. Gwaggo kuwa a gaishe ta da kyau a gode mata, shawara dai ba dole ba ce.

Gaskiyar magana, kuna buƙatar hannun amarya. Jinyar nan ta fi ƙarfin mace ɗaya. Sai an juya shi duk bayan awa biyu, dare da rana, in ba haka ba gyambon kwanciya zai buɗe a ƙugu da dunduniya. Sai an miƙar da kowace gaɓa ta hannu da ƙafa a hankali sau da yawa a yini. In za a ɗaga shi a riƙe shi ta ƙugu da bayansa, kada a ja hannun da ya saki, a kuma tokare hannun da filo kada ya riƙa lilo. Mai shiga wurinsa ya zauna ta damansa, don ya riƙa juyowa ɓangaren. Ku nemi sashen masu gashin ƙashi, waɗanda ake kira fisiyo, a asibitin koyarwa na tarayya da ke Birnin Kebbi ko asibitin Sir Yahaya, in abin ya buƙaci ƙwararrun ƙwaƙwalwa kuma ga asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A tafi da matan biyu su koyi motsa shi da hannunsu, kowacce ta yi ranar girkinta.

Ba zan ruɗe ka ba, ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da suka mutu ba sa dawowa. Jijiyar hannu in ta yanke tana iya tohowa, kusan milimita ɗaya a yini, ta ƙwaƙwalwa ba haka take ba. Amma maƙwabtan wurin suna koyon aikin da aka bari, kamar yadda mutane ke fitar da sabuwar hanya in gada ta karye, kuma maimaitawa ce ke fitar da hanyar. Mafi yawan sauƙin da ake samu a wata uku zuwa shida na farko ne. Kun ci mako uku a gardama. Ƙafa kan riga hannu dawowa, yatsu ne ke zuwa ƙarshe, wani lokaci ba sa dawowa duka.

Fatihar nan ku mai da ita tsani. A fara masa aya a bar shi ya ƙarasa. A ce "assalamu" a jira "alaikum". A ƙirga carbi tare. Daga nan a gangaro kan buta, ruwa, goro, sunayenku, ana nuna abin ana faɗa. In ya gaji a bari, kada a mai da shi ɗan makarantar allo a gaban baƙi.

Rubutun sha: ciwon nan kan taɓa haɗiya, kuma ruwa tsinkakke ya fi komai sarƙewa, ya bi ta maƙogwaro ya sauka huhu ya zama ciwon da ke kashe da yawa daga cikinsu. Kada a ɗura masa komai yana kwance. A zaunar da shi sosai, kaɗan-kaɗan da cokali. In yana tari ko muryarsa na gurgura bayan ya sha, a tsaya a gaya wa likita, a koma kunu mai kauri. Tofi a shafa masa ba ya da wannan haɗarin. Abincinsa kuma a janye hannu daga gishiri da dunƙule da kanwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ƙasa da gram 5 na gishiri ta ce a yini, wato ƙaramin cokalin shayi bai cika ba, har da wanda ke cikin dunƙulen.

In kuka sake ganin baki ya ƙara karkacewa, ko wani hannun ya saki, ko barci mai nauyi, ko ciwon kai mai tsanani da amai, a nemi mota a lokacin, ba washegari da yamma ba. Ban faɗa don in ɗora maka laifi ba, ba ka sani ba ne a lokacin. Akwai maganin narkar da toshewa da ba ya aiki sai cikin awa huɗu da rabi na farko, ba kuma kowane asibiti ke da shi ba, amma ko babu shi isa da wuri na ceton abin da ya rage.

Ranar da za ku kai Alhaji, kai ma miƙa hannunka a auna, hawan jini yana bin gida. In ya kai 140 bisa 90 aka sake aunawa wata rana ya tsaya a nan, ka fara naka maganin. A auna Inna, a auna gwaggo, a auna amarya. Bayan wata ɗaya ka rubuto mini, ina son in ji kalmar da ya fara faɗa bayan "to".